An Ce Hoto Bai Nuna Komai Ba

Maganar da na ɗauko yau mai nauyi ce a baki, saboda haka tun da fari ina roƙon iyayenmu da ke karantawa, ko ake karanta musu, su yi mini gafara. Da kunya tana warkar da ciwo, da ban ce uffan ba.

A zangon karatun da ya wuce, wata yarinya mai ƙoƙari a ajina ta fara fashi, yau ta zo gobe babu ita. Da na bi sawu har gida, sai na tarar ita ce mai zuwa kasuwa, ita ce mai kai saƙon barka da na ta'aziyya a madadin uwarta. Uwar kuwa ga ta nan garau a ido. Sai da na yi zuwa uku kafin ta ja ni ɗaki ta ce, "Malama, tun da na haifi wannan yaron ba na iya riƙe iska. In kuwa bayan gida ya matso ni, kafin in kai ban ɗaki ya zubo. Ko alwala ba ta zama. Ina ni ina shiga mutane?"

Na tambaye ta ko ta je asibiti. Ta ce ta je wani ɗakin hoto a cikin gari, ta biya kuɗi, an shafa mata mai a mara an goga na'ura, an ba ta takarda an ce mahaifa lafiya, mafitsara lafiya, babu komai. Maigida da ya ji haka sai ya ce tun da hoto bai ga komai ba, to basir ne. Aka shiga jiƙo da sassaƙe. Yaron nan yanzu ya shekara biyu.

Wannan kalma ta "hoto bai nuna komai ba" ita ce nake so mu tsaya a kanta yau, domin ta zama hukuncin ƙarshe a gidaje da yawa. Kafin mu gaskata hoto, ya kamata mu san wane iri ne, ina ya duba, wa ya karanta shi, kuma me yake iya gani da abin da ba ya iyawa.

Bari mu fara da halittar wurin. A bakin dubura akwai zobe biyu na tsoka, ɗaya a cikin ɗaya, kamar zariya biyu a bakin jaka. Na ciki siriri ne, kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma ba ya jiran umarninmu. Shi ke tsare ƙofa dare da rana, har muna barci. Na waje ya fi kauri, shi ne wanda mace take matsewa da gangan idan abu ya matso ta tana cikin jama'a. In na ciki ya lalace, sai mace ta riƙa ganin ƙazanta a wandonta ba tare da ta ji fitarta ba. In na waje ne, tana jin zuwan abin, sai dai ba ta iya tsai da shi har ta kai ban ɗaki.

Wajen haihuwa, kan jariri yana wucewa ne dab da waɗannan zobba, kuma ƙarin da mace take samu hawa huɗu ne. Na farko fata kawai yake taɓawa. Na biyu yana shiga tsokar da ke tsakanin gaba da dubura. Na uku ya kai ga zoben. Na huɗu kuwa ya ratsa zoben har cikin duburar kanta. Ƙungiyar likitocin mata ta Ingila ta bayyana a 2015 cewa a ƙasarsu wajen mace 3 cikin 100 da suka haihu da kansu suna samun hawa na uku ko na huɗu, a haihuwar fari kuwa wajen 6 cikin 100. Abubuwan da ke ƙara haɗarin su ne haihuwar fari, da jaririn da ya haura kilo 4, da daɗewa ana yunƙuri, da jawo kan jariri da ƙarfe. Wannan ciwo dabam yake da yoyon da muka sani, inda rami yake buɗewa tsakanin hanyar bayan gida da gaban mace, ko da yake wata takan haɗa duka biyun.

To, ina hoto ya shigo? Hoton ƙashi, watau eksire, ƙashi yake nunawa, ba ya fid da tsoka siririya irin wannan. Sikanin ɗin da ake yi mana a mara lokacin awo kuwa mahaifa da mafitsara da jariri yake gani. Zoben dubura yana can ƙasa, nesa da inda aka goga na'urar. Saboda haka mai hoton da ya ce wa uwar ɗalibata babu komai bai yi ƙarya ba, abin da ya duba ya faɗa. Allura ce ta faɗi a ɗaki aka share tsakar gida, aka ce ba a gan ta ba.

Hoton da ke ganin zoben nan dabam yake. Likitoci biyu, Law da Bartram, na Asibitin St Mark's da ke Landan, su suka bayyana yadda ake yin sa a 1989. Wani ɗan sanda ne mai kaurin yatsa, a sa masa rigar roba da mai, a zura shi kaɗan a cikin dubura. Yana aika sauti mai kaifin da kunne ba ya ji, sautin ya bugi tsoka ya dawo, na'ura ta mai da shi hoto. Abin da ke fitowa kamar albasa ce da aka yanka a gicciye, zobe bayan zobe. Na ciki yakan fito baƙi-baƙi, na waje kuma da ɗan haske. Likita yana karanta shi kamar fuskar agogo, ya ce zoben ya yanke daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa ƙarfe ɗaya, domin yagewar haihuwa ta gaba take kasancewa, wajen ƙarfe goma sha biyu. Babu yanka, babu allura, kuma 'yan mintoci ne an gama.

Wannan na'ura ta buɗe idon likitoci. A 1993 Dokta Abdul Sultan da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a Landan, inda suka duba mata kafin haihuwa da kuma mako shida bayanta. Cikin mata 79 'yan haihuwar fari da suka haihu da kansu, hoto ya nuna zoben 28 ya yanke, watau 35 cikin 100. Cikin mata goma da aka jawo musu jariri da ƙarfe, takwas sun samu rauni. Mata 23 da aka yi wa tiyata aka ciro jaririn kuwa, ba wadda ta samu sabon rauni. Daga nan aka gane cewa matan da ke kuka da wannan matsala ba raki suke yi ba.

Amma fa har wannan hoton na musamman yana da iyaka. A Holan an gwada shi tare da hoton maganaɗisu, wanda likitoci ke kira MRI, a kan mutum 237 masu wannan ciwo, aka buga sakamakon a 2007. A cikin waɗanda daga baya aka yi wa tiyata, likita ya ga tsokar da idonsa, sikanin ya gano wajen tara cikin goma na yankewar zoben waje, MRI kuma wajen takwas cikin goma. Wannan ƙoƙari ne babba. Sai dai sau da yawa hotunan biyu sun saɓa wa juna a kan mutum guda, wannan ya ce ya yanke, wancan ya ce bai yanke ba. Na'ura biyu masu tsada, a hannun gwanaye, ga su suna gardama.

Kuskuren sikanin ɗin nan ta hanya uku yakan zo. Ta farko, halittar mace ce. Zoben waje na mace ya fi na namiji gajarta ta gaba, saboda haka in aka ɗauki hoton daga can sama, sai a ga kamar giɓi, ko a jikin budurwar da ba ta taɓa haihuwa ba. Wanda bai goge ba sai ya rubuta cewa tsoka ta yanke, alhali haka Allah ya yi ta.

Ta biyu, lokacin da aka yi hoton. Nan take bayan haihuwa wurin yana kumbure, ga jini, ga tsoka ta saki. A birnin Janeba na Suwizalan an yi gwaji a kan mata 752 'yan haihuwar fari waɗanda ido bai ga raunin zobe a jikinsu ba, aka buga a 2005. Rabinsu aka yi musu sikanin kafin ɗinki. Hoto ya ce mata 21 zobensu ya yanke, amma da aka buɗe aka duba, biyar daga cikinsu ba a sami yankewar ba. Duk da haka gwajin ya yi amfani, domin bayan wata uku matan da aka yi wa hoto sun fi sauran ƙarancin matsala mai tsanani, wajen 3 cikin 100, su kuwa waɗancan kusan 9 cikin 100. Ga amfani ga kuskure a cikin na'ura guda.

Ta uku ita ce mafi girma. Hoto siffar tsoka yake nunawa, ba ya auna ƙarfinta. Ku koma kan binciken 1993 ɗin nan: mata 28 hoto ya nuna musu rauni, amma goma kacal cikin 79 ɗin ne suka ce suna da matsalar riƙewa. Watau akwai mai giɓi a zobenta tana zaune lafiya, wata sai bayan ta sake haihuwa ko ta manyanta abin zai bayyana. Akwai kuma mai zobe cikakke a hoto amma tana zubarwa, domin jijiyar da ke ba tsokar umarni ta miƙe wajen doguwar naƙuda, ko tana fama da gudawa, ko bayan gida ya taurare ya toshe hanya mai ruwa yana bi ta gefe, ko ciwon sukari ya taɓa jijiyoyi, ko dubura ce ke zazzagowa. Duk waɗannan, hoton zobe zai ce lafiya lau.

Shi kuwa MRI akwai inda ya yi zarra. Ya fi iya nuna tsokar da ta shanye, kitse ya maye gurbinta. Likitocin Rotadam a Holan sun nuna a 1999 cewa in zoben waje ya shanye haka, ɗinkin da za a yi masa ya fi saurin kasawa, kamar dai ɗinke tsohon zane da ya mutu, kina ɗinki yana yagewa. Amma wajen ganin zoben ciki bai kai sikanin ba, ga tsada, ga ƙarancin na'urar a garuruwanmu.

Akwai kuma hanya ta uku da ta fi sauƙi ga mace mai kunya, inda ake ɗora kan na'urar sikanin daga waje, tsakanin gaba da dubura, ba a zura komai ta baya. Abin da bincike ya nuna shi ne, in wannan ya ce zobe lafiya yake, galibi gaskiya ne. In kuwa ya ce ya yanke, yakan yi ƙari, sai an tabbatar da na ciki. Wannan hanya ta fi kusa da mu, domin na'urar sikanin ta riga ta yawaita a asibitocinmu, horo ne ya rage.

Wata za ta ce, Malama, mene ne na dogon bayani haka? Dalili shi ne manyan shawarwari biyu suna rataye a kan wannan takarda. Na ɗaya, ko za a yi wa mace tiyata a ɗinke zoben. Na biyu, ko cikin gaba za ta haihu da kanta ko za a yi mata aiki a ciro jaririn. Ɗinkin da aka yi bayan shekaru ba ya mai da wurin sabo. Likitocin St Mark's da kansu sun bi sawun matan da suka yi wa, suka bayyana a 2000 cewa bayan shekara biyar sauƙin da aka samu da farko ya ragu ƙwarai, kuma ba wadda take riƙe iska da bayan gida duka ba tare da wani saura ba. Saboda haka likitan kirki ba ya ɗaukar wuƙa don hoto kawai. Yana sauraren abin da matar ta faɗa, ya duba da idonsa da yatsansa, inda akwai kayan aiki ya auna ƙarfin matsewar da wani siririn bututu, sa'an nan ya haɗa da hoto. Sau da yawa ma da motsa tsokar wurin ake farawa, da gyaran abinci, da maganin ɗaure ciki bisa umarninsa, kuma mata da dama suna samun sauƙi a nan.

Yanzu ga abin da ya fi faranta mini rai a duk karatun da na yi kan wannan magana. Bayan 1993 an daɗe ana cewa raunin nan ɓoyayye ne, ido ba ya ganinsa sai na'ura. Sai a 2006 aka buga wani bincike daga kudancin Landan, Dokta Sultan yana ciki. Duk 'yar haihuwar fari da ta sauka, bayan ungozoma ko likita ya duba ta, sai wani ƙwararre ya sake dubawa da kyau, har da sa yatsa a dubura. Adadin raunin da aka gano ya tashi daga 11 cikin 100 zuwa kusan 25 cikin 100. Da aka yi musu hoto, mata uku kacal cikin fiye da 240 aka samu da raunin da hannu bai gano ba. Ashe yawancin raunin a fili yake, dubawa ce ba a yi da kyau ba. Shi ya sa yanzu a Ingila ake koya wa ungozomomi su nemi izinin mai jego su duba duburarta da yatsa bayan kowace haihuwa. In aka gano nan take aka ɗinke yadda ya kamata, mata 60 zuwa 80 cikin 100 ba su da wata matsala bayan shekara guda.

Safar hannu, da fitila mai haske, da ungozoma mai horo, waɗannan ba su fi ƙarfinmu ba. Inda gizo ke saƙa shi ne yawancinmu a gida muke haihuwa. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna haihuwa 39 cikin 100 kacal ake yi a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa abin bai kai haka ba. Wadda ta yage a gida, sai a ce ta shiga ruwan zafi da bagaruwa zai haɗe. Fata tana haɗewa, amma zoben da ya tsinke bakinsa biyu ja da baya suke yi, ruwan zafi ba ya jawo su.

Saboda haka ga shawarata gare mu. Na farko, mu haihu a asibiti, musamman haihuwar fari. In kin samu ƙari, kada ki bar gadon nan sai kin tambaya, "Sista, hawa na nawa ne? An duba ta baya?" Matambayi ba ya ɓata. In a gida kika sauka kuma kika ga yagewar ta yi ƙasa sosai, a kai ki asibiti ran nan, kada a jira suna.

Na biyu, in an yi arba'in kina kasa riƙe iska ko bayan gida, ki je wurin likitan mata ki faɗi abin da sunansa. Kada ki ce "cikina ne" ko "marata ce", domin in kin ce mara, hoton mara za a rubuta miki. In bakinki ya yi nauyi, ki rubuta a takarda ki miƙa, ko ki tafi da 'yar'uwa ta faɗa. Cibiyoyin yoyon fitsari irin ta Babbar Ruga a Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara wannan aiki tun shekarun 1980, da ta Ningi a Jihar Bauchi, da sashen yoyo na Asibitin Murtala a Kano, sun saba da raunukan haihuwa na gaba da na baya. A can maganarki ba baƙuwa ba ce.

Na uku, kada ki kai kanki ɗakin hoto likita bai aike ki ba. In an ba ki takarda, ki tambaya wane wuri aka duba. In an ce babu komai alhali kina zubarwa, ki koma, domin jikinki shi ne shaida na farko. In kuma an ce zobe ya yanke sai tiyata, ki tambaya ko an gwada da hannu, ko an fara da motsa tsoka, kuma me za ki sa rai bayan shekara biyar.

Ga mazajenmu kuma, tun da na san suna leƙa wannan fili, don Allah ku daina yanke hukunci da takardar da ba ku san me ta duba ba. Matar da ta daina fita, ta daina cin abinci in za ta unguwa, take wanki a ɓoye, ba ƙazanta ce ta same ta ba. Wajen haifa muku ɗa ta ji wannan ciwo.

Ina kuma kira ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu da makarantun koyon aikin ungozoma su mai da duban nan na yatsa wajibi bayan kowace haihuwa, a rubuta hawan ƙarin a katin mai jego. Manyan asibitocinmu na koyarwa kuma su tanadi sikanin na dubura, su horar da masu karanta shi, domin na'ura a hannun wanda bai iya ba ɓarna take ƙarawa.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku yi dariya ku juya shafi. A cikinku akwai ungozomomi da likitocin gobe, kuma mata sun fi sakin baki ga 'yan'uwansu mata. In a gidanku akwai wadda ta janye jiki daga mutane tun bayan haihuwa, ku karanta mata wannan a keɓe.

Ita uwar ɗalibata na raka ta wurin wata likitar mata. Kafin a kai ga maganar hoto, da yatsa kawai likitar ta ji zoben babu shi ta gaba. An koya mata motsa tsoka, an gyara mata cima, an kuma tura ta babban asibiti inda za a yi hoton da ya dace kafin a yanke shawarar ɗinki. Ba ta warke ba tukuna, amma ta san sunan ciwonta, an daina ɗura mata jiƙo, yarinyar kuma ta dawo aji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.